Sunan Ɗan Fari a Kan Allo

A Kiru, a shekarun da En'e take bin gidaje tana ɗaukar yara makarantar boko, in ana zancen kunya sai a ce Hajara. Ba ta da shanu, ba ta da tasoshin jere. Abin da mijinta ya mutu ya bar mata bishiyoyin ɗorawa ne a bayan gari, sai sana'arta ta daddawa. Amma tana da abu guda wanda matar hakimi ma ba ta da shi: tun da ta haifi ɗanta na fari, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ko da wasa, ko cikin fushi, ko cikin magagin zazzaɓi. Yana ƙarami "yaron nan" take ce masa, da ya girma ya koma "wancan".

Ranar da aka kawo labarin ramin kuza ya rufta da shi a Riruwai, tana tsakar gida tana dakan kalwa. Ta tsaya da taɓarya a sama, ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta ci gaba da dakanta. Matan unguwa suka yi ta kuka a madadinta, ita kuwa idonta a bushe ƙamas. Tun daga nan, duk uwar da aka kama tana rawar jiki a kan ɗan farinta sai a ce mata, "Ke ba ki ga Hajara ba?"

Kada wani ya ce yabon nan ba ya mata daɗi. Takan yi kamar ba ta ji ba, amma tafiyarta takan canja. Shi ne dukiyarta, kuma tana tsaronsa fiye da yadda mai awaki yake tsaron garkensa.

Da ɗanta na biyu, Inuwa, ya sami ɗa namiji, sai ya mayar da sunan wansa marigayi. Gida ya yi abin da ya dace, aka lulluɓe sunan, yaro ya tashi ana ce masa Baffa. Shi ne dogari ya zo ya nuna da sanda ya ce hakimi yana so a makaranta. Ita kuwa makarantar, don tsautsayi, sai aka gina ta jingine da ɗorawar Hajara.

Wata ranar bazara da hantsi, ɗorawa ta nuna, Hajara ta fito da gorarta mai ƙugiya, tare da ƙawarta Maijidda, wata tsohuwa wadda magana ba ta kwana a cikinta. Suna saƙato ɗorawa, yara suna ta ihun karatu ta taga. Hajara ba ta taɓa sa musu kunne ba, a wurinta duk ɗaya ne da kukan kwaɗi. Malami ya faɗi wani abu, yara su amsa baki ɗaya.

"Got iz e nawun!"

"Kiru iz e nawun!"

Maijidda ta ce, "Ji 'yan banza, har da garinmu a ciki."

Hajara ta ɗaga gora, ta saƙalo wani reshe mai nauyi, tana shirin fizgowa. Sai aji guda ya buɗe maƙogwaro.

"Ɗahiru iz e nawun!"

Gorar ta suɓuce ta faɗi. Hajara ta ji kamar an kwaɗa mata muciya a ƙeya. Kafin ta dawo hayyacinta malamin ya ce ba su faɗa daidai ba, a sake. Suka sake. Ya ce a ƙara ɗaga murya. Suka ɗaga har tsuntsaye suka tashi daga kan ɗorawa. Sunan da ta rufe tun tana yarinya ɗanya, sunan da ko ranar mutuwa ba a faɗa a gabanta ba, ga shi 'yan yara masu majina suna wurgi da shi a sararin Allah.

Maijidda ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Hajara, kin ji abin da na ji?"

"Ban ji komai ba."

"Wallahi kowa ya daɗe ya ga daɗau. Ɗan farin naki? A bainar jama'a?"

"Na ce ban ji komai ba. Tattara mu tafi."

Ta durƙusa tana tara ɗorawa a kwando, rabi yana zubewa a ƙasa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Maijidda ta gani.

Da Baffa ya dawo bayan azahar, ko ruwa bai sha ba ta kira shi ɗakinta. Yaron ya durƙusa a bakin ƙofa. Da ma ba ta wasan kaka da jika da shi kamar sauran jikokinta, saboda sunan da yake ɗauke da shi.

"Wane irin ihu kuke yi yau a gidan Nasaran nan?"

Fuskarsa ta washe, a zatonsa abin arziki ne. "Turanci ne, Iya. Malam ya ce Turawa sun raba kalmominsu gida-gida. Akwai gidan aiki, irin su gudu da ci da zama. Akwai gidan siffa, irin su fari da dogo. Akwai kuma gidan suna, shi ake ce wa nawun. Akuya nawun ce, got ke nan. In suna da yawa sai a ce gots."

"Wato Nasara ya taso tun daga bayan teku don ya gaya mana akuya tana da suna?"

"Ba ita kaɗai ba, Iya, komai da komai. Kuma sunan iri biyu ne. Akwai na kowa da kowa, kamar a ce yaro ko gari. Akwai kuma na abu guda shi kaɗai, kamar Kiru, ko sunan yanka. Shi ne Malam ya ɗora ni kan benci, ya nuna ni da sanda, kowa ya ce Ɗa..."

"Rufe min baki!"

Yaron ya haɗiye sauran. Bai taɓa jin ta yi tsawa haka ba.

Inuwa ya dawo daga sharar gona ya tarar da gida tsit. Hajara ta ce masa daga yau yaron nan ya bar boko. Inuwa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Hakimi ne ya sa aka ɗauke shi. In bai je ba gobe dogari yana ƙofar gidan nan, ni za a tafi da ni."

"To kai je ka gaya wa malamin ya daina."

"Iya, ni wa? Mutumin En'e ne fa."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Zauna abinka. Ni zan je."

Washegari ta yafa zanenta na saƙi, ta tsaya a gindin ɗorawa har aka fita hutun ƙarfe tara, yara suka watse wasa. Sannan ta yi sallama a ƙofar ajin da ba ta taɓa tunanin za ta taka ba. Malam Zailani saurayi ne ɗan birni, bai daɗe da zuwa Kiru ba, siriri, hannun rigarsa duk farin alli. Da ganin tsohuwa ya taso da sauri ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Iya. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutanen gida?"

Ta so a ce ya yi mata rashin kunya don ta ji daɗin zazzage masa abin da ta ƙunso, sai ga shi da ladabi. Ta amsa gaisuwar a gajarce, ta ƙi zama.

"Malam, akwai sunan da kuke sa yara suna ihu da shi. Na zo a daina."

"To, Iya. Wane suna?"

Nan fa ake yin ta. Duk hanya ta shirya maganganu masu zafi, amma ba ta shirya wa wannan ba. Ta zo ƙarar suna, kuma ba ta iya faɗin sunan.

"Na yaron gidanmu."

"Gidan wa, Iya? Ni baƙo ne, ban gama sanin gidaje ba."

Gidan kuwa da sunan mijinta aka san shi, shi ma ba ya faɗuwa. Ta ce, "Baffa."

Malam ya sosa ƙeya. "Baffa ai sun fi ɗaya a ajin nan. Bari in karanta miki waɗanda ke kan allo, in na zo kansa ki tsayar da ni."

Ya ɗauki sanda ya nuna farin zane a baƙin allo. Balarabe. Ta yi shiru. Asma'u. Ta yi shiru. Bature. Sai ya faɗi na gaba, a hankali, yadda ake kiran mutumin da ke kusa. Hajara ta juya fuskarta ga bango. Labarin zuciya a tambayi fuska, ko da rabinta aka gani.

Malam ya sauke sandar. "Sunan maigida ne?"

Ta girgiza kai.

"Ɗan fari?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yana nan da rai?"

Sai ta gyara yafenta.

"Subhanallahi!" Malam Zailani ya sake zubewa ƙasa, idonsa waje. "Kuma bishiyoyin nan naki ne? Kina waje muna ta... Iya, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Na rantse da Allah sunan nan ba zai sake fita daga bakina ba, ba zan rubuta shi a allon nan ba, ba zan kuma sa yaro ya faɗa ba. Ko kiran suna da safe, Baffa zan riƙa cewa."

Ta ji sanyi a ranta. Ashe 'yan boko ma akwai masu tarbiyya.

Ya tashi ya tsoma tsumma a ruwa, yana ta ba ta haƙuri. Don ya nuna mata shi ma ɗan gida ne ya san abin, sai ya ce, "Ai ni ma ɗan fari ne, Iya. Har yau ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Ina yaro nakan ɓuya a bayan rumbu, ina ji tana ta 'kai, kai', in ƙi amsawa, ko za ta gaji ta kira ni da shi." Ya yi 'yar dariya. "Ba ta taɓa gajiya ba."

Hajara ba ta taya shi dariyar ba. Ta juyo tana kallon allon. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta ga inda tsumman ya nufa.

"Wannan ɗan zanen, shi ne?"

"Shi ne, Iya."

Ɗan guntun abu ne, bai kai tsawon hannu ba. Tsumma ya bi ta kansa sau ɗaya ya bar danshi baƙi, danshin ma ya bushe tana tsaye.

Kafin la'asar Maijidda ta kai labari kowane lungu. Hajara ta shiga gidan Nasara ta tsawatar wa malamin boko har ya durƙusa, kuma duk da haka ba ta faɗi sunan ba. Mata suka riƙa shigowa sayen daddawa ko ba su da bukata, don su ga mai abin. Wata ta ce irin su Hajara sun ƙare. Ta karɓi yabon kamar yadda ta saba, sai dai wannan karon bai zauna mata ba.

Ɗorawa ba ta jira, don haka kullum da hantsi tana gindin bishiyoyinta. Malam ya cika alkawari. Yara suka yi ta got da gots, suka yi Kiru, suka yi Balarabe da Asma'u da Bature, daga nan sai a tsallake zuwa wani abu. A rana ta farko ta yi hamdala. Bayan 'yan kwanaki sai ta lura da wani abu da ya tsorata ta: duk sa'ad da aka ce Bature, hannunta yakan tsaya da gora a sama. Jira take yi. Da ta gane haka sai ta yi a'uziyya, ta tofa a gefen hagu, ta zagi kanta zagin da ba za ta yarda wani ya yi mata ba. Kashegari aka ce Bature, hannun ya sake tsayawa.

Ta shiga duba wa ya rage a duniya da yake faɗin sunan nan. Mijinta, uban mai sunan, ya mutu. Abokansa sun watse, wasu Kano, wasu Jos. Inuwa ba ya faɗa don ita. Kabarinsa yana can cikin duwatsun Riruwai inda ba ta taɓa zuwa ba, ba ta ma san ko an samo shi daga ramin ba, don kunya ba ta bar ta ta tambaya ba. Wuri guda ne ya rage da ake kiransa da ƙarfi kamar mai rai, ita kuma ta je da ƙafarta ta sa an goge.

Ga kuma maganar rumbun nan ta malam, ta maƙale mata kamar ƙaya. Ita ma nata yakan ɓuya. Takan yi ta "yaron nan, yaron nan", yana bayan turken awaki yana jin ta, ta ɗauka taurin kai ne har ta sa ubansa ya zane shi. Ranar da zai tafi Riruwai ya zo ya tsaya a bayanta da ƙunshin kayansa, tana tuƙa tuwo. Ya ce, "Iya, na tafi." Ta ce wa tukunya, "A sauka lafiya." Ya daɗe tsaye bai tafi ba. Shekara da shekaru tana zaton ɗaurin kayansa yake gyarawa.

Abinci ya daina shiga. Daddawarta ta yi ɗoyin da ba na daddawa ba, masu saye suka fara ƙunƙuni. Inuwa ya tambaya ko jiki ne, ta ce zafin bazara ne. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nata ya cika har wuya.

Ranar da za a sauke ɗorawar ƙarshe mata suka taru da yawa a gindin bishiyoyi, kowace tana son ɗan makuba na daɓen ɗaki. Maijidda tana tsakiya tana sake ba da labarin durƙuson malam, ta ƙara masa gishiri. Ta taga karatu ya tashi. Got. Kiru. Balarabe. Asma'u. Bature. Aka tsallake.

Hajara ta jingine gorarta da bishiya. Daga yau babu sauran abin da zai kawo ta nan sai baɗi, in da rai. Ta karkaɗe zanenta, ta nufi ƙofar aji. Matan suka bi bayanta da murna, suka cika taga, a zatonsu za a sake yi wa malam wankin babban bargo.

Malam Zailani ya gan ta a ƙofa, alli ya faɗi daga hannunsa. Yara suka yi tsit, wasu suka sunkuya kan allunansu.

"Iya, wallahi ban sake ba."

"Na sani. Shi ya kawo ni." Ta nuna wurin da tsumma ya bi. "Mayar da shi."

Malam ya dubi allo, ya dube ta, ya dubi kawunan matan da ke taga. Ya matso kusa ya rage murya. "Iya, na fahimta. Amma na riga na rantse a gabanki. Bakina a ɗaure yake, hannuna ma haka, kuma ba ni da ikon sa yaran nan su faɗa."

Ta duba ajin. Babu mai faɗa mata. Ta ji idon Maijidda a ƙeyarta, ta san duk abin da ta tara tun tana amarya yana nan a bakin tagar nan, kuma kafin azahar zai zaga Kiru. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Ta dafa ƙyauren ƙofa. Ta buɗe baki.

"Ɗahiru."

Muryar ta fito kamar ba tata ba. Ba da kowa take ba. Amma can a benci na gaba, Baffa, wanda ya sunkuyar da kai don kada kakarsa ta gan shi, ya ji sunansa na makaranta, jikinsa ya riga tunaninsa. Ya miƙe zumbur.

"Na'am."

Maijidda ta saki salati da ƙarfi. Wata ta toshe kunnen 'yarta.

Hajara ba ta taɓa kiran sunan nan an amsa mata ba. Ta zame ta zauna daɓas a bakin ƙofa, yafenta ya faɗi ba ta kula ba. Kukan da ta ajiye tun ranar da ta tsaya da taɓarya a sama ya zo gaba ɗaya, a gaban yara, a gaban malamin boko, a gaban matan da suke yi wa 'ya'yansu misali da ita.

"Ɗahiru!"

Yaron ya taho, ya durƙusa a gabanta. "Na'am, Iya. Ga ni."

A taga Maijidda ta ce, "Shi ke nan, yau kunya ta ƙare a Kiru."

Hajara ba ta ji ta ba. Ta riƙe wuyan rigar yaron da hannu biyu tana ta kira, shi kuma yana ta amsawa.